Takardar Da Bawa Bai Buɗe Ba

Yelwa, Yauri.

Ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa ka sauka Wara lafiya, ya sa kuma jirgin da ya ƙarasa da kai Tungar Maigora bai wahalar da kai ba, don na san ka da tsoron ruwa tun kana ƙarami. Allah ya tsare ka daga sharrin ruwa da na tudu, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa ka shiga aikin malanta da ƙafar dama. Innarka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ka ga yajin da ta cusa maka a ƙasan akwati. To, na tambaya. Iyakar labarin gida ke nan, don ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Ranar da na raka ka tasha, na tsaya a gefen mota har ta cika, bakina cike da magana, amma abin da ya fito kawai shi ne, "To, a riƙe aiki da kyau." Kai ma ka sunkuyar da kai ka ce, "To, Baba." Shekara talatin ina tsaye gaban aji ina surutu har maƙogwaro ya bushe, sai ga shi na kasa yi wa ɗan cikina magana ta minti biyar. Na koma gida ina jin haushin kaina, na sauke shi a kan innarka wadda ba ta yi mini komai ba.

Ka tuna da ka kawo mini takardar da aka tura ka aiki, na karanta, na miƙo maka ba tare da na ce Allah ya sa albarka ba? Na ga ranka ya ɓaci. Ka ɗauka raina wurin na yi don ƙauye ne. Ba haka ba ne. Sunan makarantar na gani gabana ya faɗi. A can na fara zama hedimasta tun kana goye, a can kuma na yi wata ɓarna da ban taɓa gaya wa kowa gaskiyarta ba, har innarka. Yau zan gaya maka, domin akwai abin da nake so ka yi mini a garin nan, kuma ba za ka iya ba sai ka san yadda na lalata shi.

Lokacin da aka tura ni, ba a daɗe da tare ruwa a Kainji ba. Mutanen tungar nan ba nan ne asalinsu ba. A gungu suke zaune, wato tsibiri a tsakiyar Kwara, da gonakin albasarsu da kaburburan iyayensu. Wata rana ma'aikata suka sauka tare da dogarin hakimi, suka ƙidaya ɗakuna, suka shafa lamba a kowace ƙofa, suka miƙa wa kowane maigida takarda mai hatimi. Bayan takardar sai ruwa ya zo ya shafe gungun. Aka kwaso su zuwa tudu, aka zuba su a gidajen siminti masu kama da juna. Duk wannan na san shi, amma irin sanin da na yi wa sunayen kogunan duniya da nake sa yara haddacewa. Ban taɓa zama da ko mutum ɗaya na tambaye shi yadda abin ya yi masa ba.

Ina zan zauna? Lokacin kaina a kumbure yake. Ina da agogo, ina da keke, wandona da kari kamar wuƙa, biro uku jere a aljihun gaba: baƙi, shuɗi da ja. A ganina haske na kawo wa mutanen da ke cikin duhu, kuma su ya kamata su tako su karɓa suna godiya. In na bi ta bakin ruwa sai in toshe hanci saboda ƙarnin kifi, ina tsammani ba a lura. Ana lura, Nasiru. Masunci da ke gane motsin kifi a ƙarƙashin ruwa ba zai kasa gane fuskar malami ba.

A cikin yarana akwai Hamidu, ɗan wani masunci mai suna Bawa. Na koyar da yara da yawa kafinsa da bayansa, ban sake ganin irin kansa ba. Kafin in gama rubuta lissafi a allo ya ɗaga hannu. Duk abin da ke da rubutu sai ya karanta, har gwangwanin madara da aka yar. Rigarsa kullum warin hayaƙin banda take, don innarsa Kulu sana'arta ke nan, bandar kifi. Ina son yaron nan, wannan kam ba ƙarya. Amma a zuciyata nawa ne, ni na gano shi, iyayensa kuwa wani cikas ne da zan tsallake. Daga nan duk sauran kurakuran suka fito.

Na farko, na kira taron iyaye. Na rubuta sanarwa a allo, yara suka kwafa a littafi don su kai gida: ranar Alhamis, ƙarfe tara na safe. Aka share fili, aka jera bencina, na shirya jawabi shafi huɗu. Har rana ta take, mutum uku suka zo: tsofaffi biyu da ƙarfinsu ya ƙare, ɗaya ma ba ya ji sosai, sai limamin garin. Bawa bai zo ba, alhali dominsa na fi shirya taron. Na zazzage wa bayin Allah nan uku duk fushina, na ce garinsu ba a son ilimi.

Liman ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, wa ka zuwa taro da hantsi? Masu ɗiyan duk suna bisa ruwa tun asuba, suna ɗebe kalli, tarun kihin da sunka bari cikin ruwa. In kana son ganinsu, bari sai la'asar, ka ishe su gindin tsamiya bakin ruwa, can su ka taruwa suna gyaran koma."

Ka san abin da na ce wa dattijon nan? Na ce, "Makaranta ita ka kiran iyaye, ba ita ka bin su ba." Ya dube ni, ya ce, "To, Allah shi kyauta," ya ɗauki sandarsa.

Saboda haka, kafin ka kira kowa, ka fara sanin lokacin da yake neman abincin 'ya'yansa. Ka san watan da ruwa ke cika da watan da yake janyewa, da lokacin da gida guda ke kwasa su koma wata tunga bin kifi, da ranar kasuwar Wara da ba ka samun kowa. Tsamiyar nan, in ba a sare ta ba, tana nan. Ka je da la'asar, ka cire takalmi, ka zauna a ƙasa inda suke zaune. Kada ka buɗe baki da zancen makaranta. Ka tambayi ruwa, ka tambayi kamu, in sun miƙo maka bakin koma ka riƙe musu ko ba ka iya komai ba. Za su yi maka dariya, ka bar su su yi. Wasu a cikinsu Gunganci suke yi a gida, ka koyi ko gaisuwa ce. Ni na shekara huɗu a garin ban san yadda ake cewa sannu da harshensu ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo. Ƙarshen zango Hamidu ya zo na ɗaya, ya bar na biyu nesa. Da aka dawo hutu, ina cikin darasi sai ga Kulu a ƙofar aji da kwano a ka. Ta sauke, ta durƙusa. Giwan ruwa ne a ciki, ƙato, wutsiyarsa har ta leƙo waje.

Ta ce, "Malam, ina kwana. Maigida ya ce in kawo maka wanga. Shi na babban kihin hwarko da yah hwaɗa taru bana, kuma naka na."

A kwaleji an cika mana kunne da zancen cin hanci, ni kuma ina ɗokin ranar da zan nuna ni ba na ci. Sai na ga ranar ta zo. Na ɗaga murya yadda duk aji zai ji, na ce, "Ɗauke abinki. Nan ba kasuwa ba ta, kuma ba a sayen maki da kihi." Yara suka fashe da dariya. Matar nan ta jawo kwanon. Ta yi ƙoƙarin ɗora kwanon a ka ita kaɗai, ya yi mata nauyi, ruwan kifin ya zubo mata a wuya, ni kuwa ina tsaye da alli a hannu. Hamidu ya kafa idonsa a kan bencinsa har aka tashi.

Sai daga baya liman ya fahimtar da ni. A gidan Bawa, babban kifin farko na shekara ba a sayar da shi, ba a kuma ci a gida. Wanda suka ɗauka nasu ake kai wa. Shekarar da ta wuce ungozomar da ta karɓi haihuwar autarsu aka kai wa, kafin nan shi liman. A wannan shekara ni suka zaɓa. Mutanen da nake toshe wa hanci sun zauna sun yanke shawarar sa ni cikin danginsu, ni kuma na kore su a gaban ɗansu.

Ban ce ka zama mai buɗe hannu ga duk abin da aka kawo ba. Amma ka yi amfani da hankalin da Allah ya ba ka. Mai son saye ka kafin jarrabawa yake zuwa, kuma a ɓoye. Ita kuwa bayan sakamako ta zo, da rana tsaka, gaban kowa. In aka kawo maka irin wannan, ka karɓa, ka yi godiya, bayan kwana biyu ka sayi goro ko sabulu ka taka har gidan. In kuwa abu ne da ba zai karɓu ba, ka ja mutum gefe ka gaya masa a hankali. Duk abin da za ka yi, kada ka ci fuskar uwa ko uba a gaban ɗansu. Yaron zai ci gaba da zuwa aji, amma kullum sai ya zaɓa tsakaninka da innarsa, kuma bai kamata a ɗora wa yaro wannan ba. Na san ya kamata in je in ba Kulu haƙuri. Na ce gobe, na ce jibi, har abin ya tsufa.

Yanzu ga babban. Da Hamidu ya kai aji shida, aka aiko a ba da sunayen yaran da za su zauna jarrabawar shiga sakandare ta kwana. Ba ni da shakka zai ci. Abin da ake bukata kawai uban ya yarda, ya dangwala yatsa. Daga tagar ajina ina hango hayaƙin bandar Kulu, kusancin gidan ke nan. Amma tun ranar kifin nake kauce wa hanyar, kunya da girman kai suka haɗu suka riƙe mini ƙafa. Sai na ce bari in yi abin a hukumance, yadda zai yi kwarjini.

Na zauna na rubuta wa Bawa takarda da Turanci. Da Turanci, Nasiru, zuwa ga mutumin da ko Hausar boko ba ya karantawa! Sau biyu ina sake ta don rubutun ya yi kyau. Na yabi yaron, na ce ban taɓa ganin irinsa ba, na ce in aka bar shi zai zama likita ko injiniya, na taya uban murna. Na buga hatimin makaranta a ciki, na sa a ambulan na liƙe, na sake buga hatimi a baya. Da na ba Hamidu ya kai, da ya karanta wa ubansa, da shi ke nan. Amma na ga bai dace takarda mai daraja haka ta bi hannun ɗalibi ba, kuma ina so abin ya zo wa yaron ba zato, don haka ko shi ban gaya wa ba. Ran nan dogarin hakimi ya biyo ta garin da wani aiki. Na ba shi, na ce, "Ka kai ma Bawa wagga, ka ce mai hedimasta na son ganinai ran Litinin, shi taho da yaron."

Dogarin nan shi ne wanda ya raka masu shafa lamba a gungu. Rigar ma ita ce, ja da kore. Ga shi yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, mutane ba su manta samarin da suka tafi ba su dawo ba. Duk wannan bai zo mini a rai ba. Ina can ina hasashen yadda Bawa zai zo yana washe baki, in yafe masa rashin zuwa taro.

Ranar Litinin bencin Hamidu babu kowa. Na jira har tara, na aika a duba, aka ce gidan a rufe yake, jirginsu ma ba ya bakin ruwa. Na tafi wurin liman a fusace.

Ya ce, "Sun tahi tun shekaranjiya. Bawa ya ce sau guda anka taɓa ba shi takarda, ruwa ya ci gidan ubanai da kushewatai. Wagga ba shi tsayawa ganin abin da za ta ci."

Na ce, "Haba Liman! Ai alheri na cikinta!"

Ya ce, "To, wa yag gaya mai?"



Ka riƙe wannan ko da ka manta sauran. Labari, mai daɗi ko marar daɗi, da bakinka za ka kai shi, da ƙafarka, da harshen da mai gidan ke ji. In dole sai da takarda, ka riƙe ta a hannunka a buɗe, ka zauna kusa da shi ka karanta masa, ka bar shi ya kira wanda ya yarda da shi ya sake karantawa. Takardar sakamako ma haka. Kada ka aiki dogari ko wani mai kayan hukuma gidan ɗalibinka. Kada kuma ya zama ba a ganin ka a ƙofar gida sai yaro ya yi laifi, don in ka saba musu da haka, ranar da ka zo da alheri ma ɓuya za su yi. Iyaye mata kuwa, kada ka tsallake su. Kulu ta fi kowa sanin abin da ke cikin yaron nan, ban taɓa tambayar ta komai ba.

Da a nan na tsaya, da na ce ƙuruciya ce. Amma akwai na huɗu, wanda na yi da idona buɗe. Kowa a garin ya san inda Bawa ya nufa, wata tunga ce can sama wajen Shanga. Liman ya ce zai samo mai jirgin da zai kai ni, yini guda ne, in je in yi bayani da bakina. Na ce ba zan bar makaranta guda saboda yaro ɗaya ba. Gaskiyar ita ce ba na son in durƙusa gaban masunci in ce na yi kuskure. Na ɗauki jan biro na ja layi a kan sunan Hamidu a rajista, na rubuta a gefe cewa iyayensa ba sa son ilimi. Bayan shekara aka yi mini ƙarin girma aka dawo da ni Yelwa. Wallahi, Nasiru, na sha ba da labarin nan a taron malamai, ina cewa ga mutumin da ya gudu da ɗansa saboda an ce ɗan yana da ƙoƙari. Ana dariya, ni ma ina yi. In ka yi kuskure da iyayen yaro, ka bi su tun abin yana ɗanye, ko da za ka rufe aji na yini guda. Kuma ka ji tsoron abin da kake rubutawa a rajista, domin wanda ka rubuta a kansa ba ya nan balle ya kare kansa.

Bara, ranar kasuwa, na gangara bakin ruwa nan Yelwa sayen kifi. Wani mutum mai faɗin kafaɗa yana sauke kwanduna daga jirgi, da ya gan ni sai ya ajiye, ya miƙe tsaye ya sauke hannuwansa a gefe kamar ɗalibi a layin safe. Ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba? Hamidu na, ɗan Bawa."

Muka gaisa, na tambayi iyayensa. Ya ce Kulu ta daɗe da rasuwa, Bawa kuma bara waccan. Ya ce da suka zo raba kayan tsohon, sai suka sami wata jakar fata da yake ratayawa a wuya. Takarda biyu ne a ciki: ta lambar gidansu na gungu, da ambulan ɗina, a liƙe yadda na liƙe shi.

Ya ce, "Bai taɓa buɗe ta ba, bai kuma bari kowa ya gan ta ba. Abin da yac ce mani kawai, hukuma na son ta ɗauke ni. Ni kau na yarda, har ina gode mai. Sai bayan mun bizne shi nib buɗe. Na karanta ta, Malam, kai ka koya mani. Sau ukku na karanta ta."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya dubi ruwa ya ce, "Malam, daga ajinka zuwa gidanmu, in anka kira salla kana iya zuwa ka komo ba a tada ikama ba."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Allah shi yahe muna baki ɗai." Ka lura, bai ce ya yafe ba. Na tambaye shi iyali, ya ce ya koma Tungar Maigora da zama, yana da 'ya mai suna Saratu, shekararta shida. Na ce, to an sa ta makaranta? Ya girgiza kai.

Ya ce, "Karatun da niy yi, abu guda yay yi mani: ya sa na iya karanta abin da yaw wuce ni. Da ban iya ba, da ina tuna tsohona da zuciya guda. Ba ni yi ma ɗiyata haka."

Zan gaya maka abin kunya: jira nake ko zai ɗauki kifi ɗaya ya ce, Malam ga wannan. Bai ce ba. Na nuna wanda nake so, ya sayar mini kamar yadda zai sayar wa kowane baƙo, ya juya ga kwandunansa.

Ba zan yaudare ka ba, ɗana, ba ni da wani kyakkyawan zato game da aikin da ka shiga. An ba mu jiharmu, an raba mu da Sakkwato, mun yi murna, an sake sunan da ke saman takardu. Tazarar da ke tsakanin ƙofar aji da ƙofar gida kuwa tana nan yadda na bar ta. Yaran da na koyar su ne malamai yanzu, ina ganin su da nasu biro a aljihu, suna kiran taro da hantsi, suna cewa mutanen ruwa ba sa son ilimi, da muryata suke faɗa. Kai ma za ka gaji. Za ka je gindin tsamiya sau biyu, sau uku, a ƙi sakin jiki da kai, zuciyarka ta ce ai ka yi iyakar ƙoƙarinka. Ina tsoron jinina ne a jikinka. Ko a gida ai haka na yi da ku. Takardar sakamakonka nake karantawa, in ja layi, in sa hannu, ban taɓa cewa zo zauna ka gaya mini yadda makaranta take ba. Ban san ko kana son malanta ba, ko don ka ga ita nake so ka shiga. Wannan ma yana damuna, kuma na makara da tambaya.

Ga abin da nake roƙon ka. Ka nemi Hamidu. Kada ka je da rajista, kada ka je da takarda ko wace iri, biron aljihunka ma ka bar shi a ɗaki. Tun a gaisuwar farko ka gaya masa ko kai ɗan wane ne, kada ya ji a bakin wani ya ce an sake yi masa rufa-rufa. In ya ɗaure fuska ka jure, ba kai yake ɗaure wa ba. Kada ka ambaci Saratu a zuwan farko, ko na biyu, ko na biyar. Ka gaishe da matarsa da girmamawa. In ya so yin maganar ubansa, ka saurara, kada ka kare ni ko da kalma ɗaya, kuma kada ka bari ya zargi tsohon. Bawa bai yi laifi ba, ɗansa ya tsare da iyakar abin da ya sani. Yarinyar nan bana shekararta bakwai. In wannan shekara ta wuce, ta gaba ta wuce, za ta tsaya gaban bandar kifi, shi ke nan, layin da na ja da jan biro ya bi ta kanta ita ma. A raina ina jin zai ƙi. Amma ka je.

Za ka ce me ya hana ni zuwa da kaina. Shekara guda ke nan da na san inda yake. Na ce wa innarka gwiwa ce, na ce yanar idon nan ce ba ta bari in shiga jirgi. Ƙarya nake yi. Abin da ya riƙe mini ƙafa a wancan lokaci shi ne yake riƙe da ita yau, tsufa bai rage shi ba. Dubi ma abin da na yi: ina da magana da ɗana, na bar shi ya shiga mota, na dawo na zauna ina rubuta takarda. Ban canja ba, Nasiru. Abin da na iya kawai, wannan karon da Hausa na rubuta, kuma ban liƙe ambulan ɗin ba.

Allah ya tsare mini kai a ruwa da tudu, ya kare ka daga zazzaɓin bakin tafki, ya ba ka haƙurin da bai ba ni ba. Allah ya sa mutanen garin su ga fuskarka kafin su ga hatiminka. Allah ya jiƙan Bawa da Kulu da Liman, ya sa kada su tsaya da ni ranar hisabi. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Hamidu, in ka ga gaisuwar za ta karɓu.

In wata rana ya miƙo maka kifi, komai ƙanƙantarsa, ka karɓa da hannu biyu, ka sa a yi bandarsa ka aiko mini ko da kan ne. In kuwa har shekara ta juyo bai miƙo ba, kada ka rubuto mini. Ka zo gida ka gaya mini da bakinka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Malam Usman.